Gwangwanin Shahzeb

Lahore, 4 ga Fabrairu

Tehmina, matata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kwana ashirin da uku yana shan shayin da ba ke kika dafa ba. Da fatan kina lafiya. Ya jikin Khala? Allah ya sa ƙashin ƙugun nan nata ya kama da wuri, ki ga mahaifiyarki tana taka ƙasa da ƙafarta. Ki shafa min kan ’yarmu Hooriya, ki ce Abbunta ya ce kada ta cinye wa mutanen Multan halawarsu. Mu nan lafiya lau, sai hayaƙin gari da ya sa mahaifiyata Ammi tari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda cikin ƙunshin magani. Kullum muna waya, na sani, amma kin san gidanmu. Ina ɗaga waya Ammi za ta rage muryar talabijin. A gareji kuma ƙanena Shahzeb yana tsaye a kaina. Abin da ke cina kuwa shi ya shafa.

Mako biyu da suka wuce aka kawo mana wata shuɗiyar Subaru mai tarbo, na’urar nan da ke tura wa injin ƙarin iska. Ta Waleed Sahib ce, ɗan masu masaƙar nan, wanda ba shi da aiki sai tsere ranar Lahadi. Ya ce ƙarfinta ya ragu, kuma tana hayaƙi. Da na buɗe na leƙa inda iska ke shiga injin, sai ki ce gindin tukunyar da aka manta a kan wuta. Bari in yi miki bayani a gajarce, don ki gane sauran. Injin idan yana aiki yana huci, hucin kuma da tururin baƙin mai a cikinsa. Akwai tiyon da ke mayar da hucin nan cikin injin ya ƙone. A motar cefane ba komai. A motar da ake takawa har ƙasa, man taruwa yake yi ya ƙone ya daskare. Maganinsa a datse tiyon a sa gwangwani a tsakiya, man ya zauna a gindinsa, iska ta wuce ita kaɗai.

Ana sayar da gwangwanin a kasuwa, amma yawanci fanko ne, fenti kawai. Sai na ce zan ƙera nawa. Kwana uku na yi a kansa. Na yanka alminiyam, na lanƙwasa, na yi walda, na sa faranti biyu masu huji a ciki. Ki yafe min, sosan ƙarfen wanke tukunya guda biyu sababbi da kika ɓoye a bayan gwangwanin shinkafa, ni na ɗauke su, suna cikin motar Waleed Sahib yanzu suna tace mai. Na sa masa ɗan famfo a ƙasa na zubarwa. Bayan kwana biyar da ya dawo muka buɗe famfon, rabin kofin shayi na wani baƙin ruwa mai wari ya zubo. Tehmina, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da mahaifinmu marigayi Abbu ya fara barina in ɗaure kan injin ni kaɗai.

To, duk wannan aikin Shahzeb yana gefe da wayarsa yana ɗauka. Da ya saka a intanet na kalla. Fuskarsa ce daga farko har ƙarshe, da gashin nan nasa da yake shafa wa man da ya fi na giyar mota santsi. “’Yan uwa masu son gudu, yau zan nuna muku yadda nake ceton injin.” Zan nuna. Nake ceto. Ni kuwa hannayena kawai ake gani, baƙi ƙirin, kamar na wanda aka ɗauko haya. Ya ma buga wata ’yar takarda mai haruffan sunansa ya manna a jikin gwangwanin. Yanzu samari suna zuwa daga Gujranwala, daga Faisalabad, suna tsallake ni a bakin ƙofa suna tambaya, “Ustad, ina mai gwangwanin Shahzeb?”

Na tare shi a gaban Butt Sahib mai fentin mota, maƙwabcinmu. Na ce, “Shahzeb, wa ya yi waldar abin nan?” Ya ce, “Haba Bhai jan, babban yaya, kai mana, wa zai iya in ba kai ba? Amma mutane fuska suke so. In na nuna taka da wannan ɗaurewar, sai su zaci sanarwar rasuwa ce.” Butt Sahib ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni ma na yi, don kada a ce na ji haushi.

Jiya Ammi ta dafa nihari, farfesun nan na naman ƙashi. Ƙashi ɗaya ne mai ɓargo a tukunyar. Ta tsamo shi ta sa a kwanon Shahzeb, tana cewa har matar limamin unguwa ta gan shi a waya. Shekarata talatin da tara, ina da ’ya, amma na zauna ina bin ƙashin nan da ido. Na san sunan abin da nake ji. Kunyarsa nake yi, shi ya sa na rubuto miki maimakon in faɗa da baki.

Ki gaida Khala da mutanen gida. Ki yi min addu’a.

Mijinki,
Rameez

Lahore, Asabar 17 ga Fabrairu

Tehmina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Hooriya. Na yi murna da jin Khala ta fara zama a kujera. Allah ya ƙara sauƙi. Halawar da kika aiko ta iso, Ammi tana godiya.

Na ji abin da kika ce a waya, cewa in zaunar da shi mu yi magana kamar manya, kuma abincin gidan duk daga gareji ɗaya yake fitowa. Gaskiya kika faɗa. Ban yi ba.

Gobe Lahadi akwai babban tsere a filin da ke bayan gari. Waleed Sahib ya sa mun canja masa tarbo da wanda ya fi girma, don haka tsohon gwangwanin ya yi kaɗan. Na ƙera wani, ya fi na farkon kyau nesa. Wannan karon dole a haɗa shi da wani ɗan bawul, bai kai babban yatsa ba, wanda ke barin iska ta wuce gefe ɗaya kawai. Akwai kibiya a jikinsa. Dole kibiyar ta kalli inda injin ke shaƙar iska. In ta kalli baya, a hankali cikin gari ba za a ga komai ba. Amma da an taka mota tarbo ya buɗe, duk iskar da yake turawa za ta koma cikin ma’ajiyar mai, ta nemi hanyar fita.

Ranar Laraba Waleed ya zo da abokansa uku. Ya rungume Shahzeb, ya miƙa masa jar riga mai sunan ƙungiyarsu, da sunansa a baya. Riga ɗaya ya kawo. Sannan ya nuna ni da makullin mota ya ce, “Yaar, abokina, wannan karon kai da kanka za ka ɗaura min, kada ka bar wa ma’aikacinka.” Na jira. Na rantse miki na ƙirga numfashina. Sai da Shahzeb ya gama ɗaga rigar yana duba ta gaba da baya, sannan ya ce, “A’a, ai yayana ne.” Waleed ya ce, “Au, mashallah,” ya ci gaba da maganar tayoyi.

Ma’aikaci. Ni da na shiga garejin nan tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ni da na bar makaranta da Abbu ya kwanta ciwo, don shi ya gama kwaleji.

Duk da haka da suka tafi na ce masa, “Kawo in riƙe maka, tiyon nan yana da wuyar sha’ani.” Ya ce, “Bhai jan, don Allah ka bar ni in yi guda ɗaya ni kaɗai. Ko noti na ɗaure sai ka bi bayana ka sake taɓawa. Ni ma ɗan Abbu ne fa.” Na ajiye sifana na ce, “Bismillah, Ustad.”

Ya yi aikin, kuma kada in zalunce shi, ya yi shi tsaf. Ya ɗaure gwangwanin nesa da zafi, ya bi da tiyo ta inda ba zai goga ba. Jiya bayan sallar Juma’a na riga shi komowa. Motar tana nan, bonet a buɗe. Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya saba. Tehmina, kibiyar tana kallon baya.

Na tsaya a kanta. Sukurdireba yana aljihuna. Aikin minti biyu ne. Har na sa hannu, sai na ga ’yar takardar nan mai haruffan sunansa a jikin waldata, ya ma yi mata sabon launi, ruwan zinariya. Na janye hannuna. Na ji takunsa yana shigowa yana waƙa, na sauke bonet ɗin na ce masa ƙudaje na shiga.

Da yamma Waleed ya aiko aka tafi da motar a kan babbar mota, don kada ta sha ƙurar hanya.

Ga abin da nake gaya wa kaina. Ba abin da zai faru sai sandar awon mai ta yi tsalle, mota ta yi hayaƙi, ta tsaya a tsakiyar fili. A yi masa dariya kwana biyu. Ya dawo ya ce, “Bhai jan, duba min,” in juya bawul ɗin a gaban kowa. Sau ɗaya kawai nake so ya tambaye ni a gaban mutane. Shin wannan ya yi yawa?

Na san takardar nan ba za ta iso miki ba sai Litinin. Ina jin shi ya sa na iya rubuta ta. Wataƙila ma gobe da safe in je in gyara, ki karanta ki yi min dariya.

Ki gaida kowa.

Rameez

Lahore, Laraba 21 ga Fabrairu

Tehmina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Khala, da Hooriya. Ban san ko har yanzu kina son gaisuwata ba, amma ga ta.

Kin ji abin da ya faru daga bakin Ammi, kuma kin karanta takardata, don haka ke kaɗai ce a duniya kike da rabi biyun. Shekaranjiya da kika kira, ba ki tambaye ni ko na ci abinci ba. Kin ce, “Ka gaya masa, ko ni in gaya masa,” kika kashe. Bari in ba ki abin da ya rage.

Na je filin da sassafe, sukurdireba a aljihu. Wallahi da niyyar gyarawa na fita. Amma kafin in bar gareji na ɗauki tukunyar kashe gobara na sa a bayan mota. Ki lura da wannan. Mutumin da ya tabbata zai gyara, me zai yi da ita?

Na same su sun buɗe bonet, mutane sun kewaye motar. Shahzeb yana cikin jar rigarsa yana nuna gwangwanin, yana bayanin faranti biyu da sosan ƙarfe da kalmomina, har da inda nake tsayawa in yi gyaran murya. Na matsa kusa. Wani mai ɗaukar hoto ya taɓa kafaɗata ya kira ni kawu kamar wani tsoho, ya ce, “Chacha, ɗan koma gefe, kana shiga hoto.” Shahzeb bai ji ba, ko ya ji, ban sani ba. Na koma gefe. Na koma har bayan igiya, wajen ’yan kallo, na tsaya da tukunyar a tsakanin ƙafafuna.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira su. Motar ta tashi da kyau, ta bar abokiyar karawarta a baya tun a giya ta biyu. Ina jin kukan tarbo yana hawa. A giya ta uku hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin bonet, fari da farko. Na ce a raina, shi ke nan, abin da na ce ne. Kuma Tehmina, na ji daɗi. Daƙiƙa biyu ko uku na ji daɗi har cikin ƙashina, ba zan ɓoye miki ba. Sai hayaƙin ya koma baƙi. Man bai zuba ƙasa ba, a kan tarbo ya fesa, tarbon kuwa ya yi ja.

Waleed ya tsayar da ita ya fito da gudu, ko ƙwarzane bai yi ba. Shahzeb ne ya ruga wajen motar. Ina ihu kada ya buɗe, ina gudu da tukunyar tana bugun gwiwata, amma ya ba ni rata. Ya kama bonet da hannu biyu, ba safa, ya ɗaga. Da iska ta shiga wutar ta tashi ta lashe shi. Bai saki ba, don yana ganin in ya saki mota ta tafi. Sai da na ture shi da kafaɗa ya faɗi, na juye tukunyar a kan injin.

A hanyar asibiti kansa yana cinyata, hannayensa a sama kamar mai addu’a. Bai yi kuka ba. Abin da yake ta cewa shi ne, “Bhai jan, motar mutane. Bhai jan, me na yi ba daidai ba?” Na ce masa ya yi shiru.

Likita ya ce hannun hagu zai warke. Na dama kuwa sai an yi masa dashen fata, kuma yatsu biyu na ƙarshe ba su da tabbas.

Tun ranar aka fara yawo da hoton gobarar a waya, ana rubuta “gwangwanin Shahzeb” da fuskokin dariya. Abin da na roƙa ke nan, an ba ni har da ƙari. Jiya kuma Waleed ya zo asibiti da hoton bawul ɗin da ya ƙone, kibiyar tana nan ana gani. Shahzeb ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a jingina masa waya a jikin kofin ruwa, a danna ɗaukar bidiyo. Na so in fita, ya ce in tsaya a gefensa.

Ya ce, “’Yan uwa, gwangwanin nan ba shi da laifi, kuma ba nawa ba ne. Ga wanda ya ƙera shi, yayana, Ustad Rameez. Duk abin da kuka taɓa gani a garejinmu aikinsa ne, ni baki ne kawai. Ni na juya bawul. Ya ce zai duba min, na hana shi don girman kai. Da na bar shi, da ba na nan kwance. Kuma shi kaɗai ne a filin nan ya yi tunanin zuwa da abin kashe wuta.”

Yau da safe motoci biyar na tarar a bakin gareji. Sunana suke tambaya. Butt Sahib ya riƙe hannuna ya ce, “Gwanin gaske ba ya surutu, Ustad.” Ammi ta sumbaci goshina ta ce na ceci ɗanta. Na shiga bayan gida na yi amai.

Ki ba ni kwanaki kaɗan. A bari a yi masa aikin tukuna. Ba dabara nake yi miki ba, ko kuma dabarar ce, ni ma ban ƙara yarda da kaina ba.

Rameez

Lahore, Juma’a 8 ga Maris

Tehmina, uwar Hooriya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Na gode wa Allah da jin Khala ta taka har tsakar gida da sanda. Ki ce wa Hooriya zanen motar da ta aiko wa baffanta yana manne a bangon ɗakinsa, ya ce tayoyi biyar sun yi daidai, ɗaya na ko-ta-kwana ne.

Na gaya masa.

An sallamo shi ranar Asabar. Dashen ya kama. Ƙaramin yatsa ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, na kusa da shi kuma sai an ga abin da motsa jiki zai yi. Ranar Litinin da hantsi Ammi ta tafi gaisuwar rasuwa, muka rage mu biyu. Yana zaune a tsakar gida yana shan rana, hannayen a naɗe a kan matashi. Na jawo kujera na ce, “Shahzeb, na ga kibiyar tun ranar Juma’a.” Bai gane ba da farko. Na maimaita. Na gaya masa komai, har daɗin da na ji da hayaƙi ya fito.

Sai ya ce, “Shi ya sa ka zo da tukunyar.” Na ce e. Ya ce, “Minti nawa zai ɗauke ka ka juya shi?” Na ce biyu. Ya kalli hannunsa ya ce, “Minti biyu.”

Na so ya zage ni. Bai yi ba. Ya ce, “Ka san me ya sa na fara ɗaukar hoton nan? Abbu bai taɓa miƙo min sifana ba. Kullum, Rameez riƙe nan, Rameez saurari wannan ƙarar, Shahzeb matsa kada ka ɓata rigarka. Na duba duk garejin na rasa abu ɗaya da ba ka fi ni ba, sai magana. Ita ma ashe ta tsone maka ido.” Na ce, “Ka cire ni daga aikina, ka sa sunanka.” Ya ce, “Na yi. Da ka mare ni a kan haka, da na ce ka yi daidai. Amma kai ba ka mari, Bhai jan. Kai shiru kake yi.”

Ya sa min sharaɗi biyu. Kada Ammi ta ji, don zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Waleed kuwa in je da ƙafata in gaya masa, tunda shi ne a cikin motar. Na je ranar Laraba, har ofishinsa a masaƙa. Ya saurare ni a tsaye, bai ce in zauna ba. Ya ce, “Da ƙofar ta ƙi buɗuwa fa?” Jiya ya aiko aka kwashe motar daga wurinmu, ko da yake na riga na sake mata wayoyi rabi. Ban san wa zai gaya wa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin gareji yanzu sai in duba fuskar mai ita in ga ko ya ji.

Na ce wa Shahzeb ya goge bayanin da ya yi a asibiti. Ya ce a’a, duk abin da ya faɗa a ciki gaskiya ne, in zauna da shi.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Samarin nan da suka yi masa dariya, yanzu tururuwa suke yi zuwa gidanmu da lemo da furanni. Sun ce ba su taɓa ganin wanda ya amsa laifinsa haka ba. Jiya falo ya cika, yana tsakiya yana ba su labarin yadda nas ta yi masa allura, suna ta ƙyaƙyatawa. Ina tsaye a ƙofa da tiren shayi, sai na ji abin nan ya sake motsi a ƙirjina. Bayan duk wannan, Tehmina. Na ɗauka wutar ta ƙone abin, ashe yana nan. Bambancin kawai yanzu na san muryarsa, da ya motsa nake ajiye abin da ke hannuna in nemi tsari.

Tun ranar Litinin bai yarda in taɓa shi ba. A da ni nake ba shi abinci a baki, ni nake yi masa wanka. Kwana huɗu ke nan Ammi ce ke ba shi, tana mita wai ’ya’yanta sun yi faɗa a kan shirme kamar yara. In na shiga ɗaki sai ya juya ga bango.

Yau da aka fara kiran sallar Juma’a ina ɗaura agogo a ɗakinmu, na ji ya tsaya a bakin ƙofa. Ya sa farar riga, ya yi ta fama da ita har bandejin ya fara warwarewa, maɓallan duk a buɗe. Ammi tana wanka. Bai kalle ni ba, ya ce, “Zo ka ɓalla min.” Na taso da sauri har na yi tuntuɓe da tabarma. Ina ɓallawa na fara cewa wani abu, ya katse ni. Ya ce, “Kada ka yi murna. Ban yafe ba. Hannu ne ba ni da shi.”

Na ɓalla har na wuya. Na durƙusa na sa masa takalmi. Muka tafi masallaci, yana gaba ina baya. Da aka tayar da salla akwai wuri a can ƙarshen sahu, na nufi can don in ba shi sarari. Sai na ji ya ce, “Ina za ka? Wa zai tare min mutane kada su buge min hannu?” Na dawo na tsaya a damansa.

Azumi saura kwana uku ko huɗu. In Khala za ta iya zama da ƙanwarki, ki dawo gida. Ba na cewa ki dawo don kin huce. Ki zo ko da fushin ne.

Ki gaida Khala, ki roƙa min addu’arta, ba sai kin gaya mata dalili ba.

Mijinki,
Rameez